Jar Ƙofa a Gidan Peig: Fim ɗin da Ya Tono Abin da Ayalan Ta Binne

Daren biki ne a wani ƙauye na ƙasar Ayalan, cikin shekarar 1973. Ana kiɗa, ana rawa, sai ga wasu maza sun faɗo ɗakin taron ba gayyata, kowanne ya kifa wata doguwar hula da aka saƙa da karan hatsi, ta rufe masa fuska har wuya. Tsohuwar al'ada ce a karkarar ƙasar: samarin da ba a gayyata ba su ɓad da kama, su zo su taka rawa da amarya, a ce sun kawo sa'a. Amma amaryar nan, Peig, hankalinta bai kwanta ba. Ta sulale ta fita waje cikin duhu, ta yi kiciɓis da wani bunsuru tsaye yana zuba mata ido. Daga nan aka neme ta aka rasa.

Haka fim ɗin Fréwaka ya buɗe. Aislinn Clarke ce ta rubuta shi kuma ta ba da umarni, aka fara haska shi a bikin finafinai na Locarno a ƙasar Suwizalan cikin watan Agustan 2024, sannan manhajar Shudder, wadda ta ƙware a finafinan ban tsoro, ta fitar da shi ga duniya a watan Afrilun 2025. Kusan duk maganar da ke cikinsa da Gaeilge aka yi ta, wato asalin harshen mutanen Ayalan, wanda Ingilishi ya danne shekaru aru-aru. An samo sunan fim ɗin daga kalmar da ke nufin saiwoyi a wannan harshe.

Bayan daren bikin, labarin ya tsallako shekara hamsin. Wata matashiya mai suna Siubhán, wadda kowa ke kira Shoo, tana koyon aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Mahaifiyarta, wadda suka daɗe ba sa ga maciji, ta kashe kanta a wani ɗan gida cike da gumaka da hotunan ibada na ɗariƙar Katolika. Shoo ba ta yi kuka ba. Ba ta ma tsaya kwashe kayan mamaciyar ba. Ta bar wannan aiki a hannun Mila, 'yar ƙasar Yukiren da suke shirin aure da ita, wadda kuma ke ɗauke da juna biyu. Da hukumar da take wa aiki ta nemi wanda ke jin Gaeilge domin ya je wani ƙauye mai nisa ya kula da wata tsohuwa da ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, Shoo ta karɓa hannu biyu-biyu. Gudu take yi, kuma ta san gudu take yi.

Tsohuwar ita ce Peig. Ba ta leƙa waje, ba ta yarda da baƙo, kuma tana da dokokin da ba a karya mata. Babbar dokar ta shafi wata jar ƙofa da ke sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. An kafa mata ƙarfen kofaton doki, an zuba gishiri a bakinta, an jera tarkacen ƙarfe. Peig ta yi imani cewa a daren aurenta Na Sídhe ne suka ɗauke ta zuwa wani gida da ke ƙarƙashin gida, kuma har gobe suna jiran ƙofar ta buɗu.

Mutanen da ba a kiran sunansu

Wanda ya san waɗannan halittu daga littattafan yara na Turawa, 'yan mitsi-mitsi masu fukafukai da sandar sihiri, bai san Na Sídhe ba. A al'adar Ayalan su wata al'umma ce da ke zaune daura da ta 'yan Adam, a cikin tuddai da kufan tsofaffin ganuwoyi masu zagaye, waɗanda dubbai daga cikinsu ke warwatse a gonakin ƙasar har yau. Ba a so a ambaci sunansu kai tsaye, sai a ce "mutanen kirki", kamar yadda Bahaushe kan sakaya ya ce mutanen ɓoye. Suna tsoron ƙarfe da gishiri. Kuma abin da aka fi jin tsoronsu a kai shi ne sata: su ɗauke jariri, ko amarya, ko mai jego, su bar wani abu mai kama da shi a madadinsa.

Wannan imani bai mutu da zuwan lantarki ba. A 1999 wani mai tattara labaran gargajiya, Eddie Lenihan, ya tayar da ƙura a kan wata 'yar bishiyar ƙaya da ke Latoon a gundumar Clare, wadda ya ce matattarar mutanen ɓoye ce, lokacin da ake shirin gina babbar hanya ta wurin. Aka yi hanyar, aka bar bishiyar tsaye. Ƙasar kuma ta adana waɗannan labarai da gaske: Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya da aka kafa a 1935 ta sa yaran firamare sama da 50,000 sun bi kakanninsu da maƙwabta da littafin rubutu tsakanin 1937 da 1939, suna rubuta abin da aka gaya musu.

Sai dai labarin satar mutane yana da wata fuska mai muni, kuma ita ce Clarke ta sa a gaba. A watan Maris na 1895, a ƙauyen Ballyvadlea da ke gundumar Tipperary, wata matashiya mai ɗinki, Bridget Cleary, ta kwanta rashin lafiya. Mace ce mai neman na kanta, tana da keken ɗinki, tana kiwon kaji tana sayar da ƙwai. Mijinta Michael ya kafe cewa wadda ke kwance ba matarsa ba ce, musanya aka yi masa. Aka danne ta aka ɗura mata jiƙon ganye cikin madara, ana tambayarta da sunan Allah ko ita ce Bridget. Daga ƙarshe ya watsa mata kananzir ya cinna wuta, 'yan'uwanta na cikin gidan. Kotu ta yanke masa shekara 20 bisa kisan da ba na ganganci ba. Masaniya Angela Bourke, wadda ta rubuta littafi a kan lamarin a 1999, ta nuna yadda zancen mutanen ɓoye ya zama hanyar da jama'a ke magana a kan abin da baki ba ya iya furtawa: taɓin hankali, ciwon bayan haihuwa, yaro mai naƙasa, macen da ta fi ƙarfin mijinta.

Ke nan idan tsohuwa a ƙauyen Ayalan ta ce "an ɗauke ni", akwai tambayar da ya kamata a yi mata kafin a yi dariya: wa ya ɗauke ki?

Gidajen wanki

Amsar tana cikin tarihin ƙasar na baya-bayan nan, kuma Peig da kanta ta ɗanɗana ta, domin fim ɗin ya nuna cewa ta yi zaman irin gidajen da coci ke tsare mata. Tun daga samun 'yancin kai a 1922 har zuwa 1996, ƙungiyoyin sistoci huɗu sun gudanar da gidaje goma da ake kira gidajen wankin Magdalene. Can ake kai yarinyar da ta yi ciki ba aure, da wadda aka yi wa fyaɗe, da marainiyar da ta girma a gidan marayu ba ta da wurin zuwa, har da wadda kawai aka ga kanta na rawa. Wani lokaci kotu ce ke tura ta, wani lokaci fada na unguwa, sau da yawa kuma iyayenta ne da hannunsu. A ciki akan canza mata suna, a yanke mata gashi, a hana ta magana lokacin aiki. Tana wanke zannuwan otal-otal da asibitoci da ma'aikatun gwamnati daga safe har yamma, ba ko sisin kwabo, ƙofa kuma a kulle.

Asirin ya fara tonuwa a 1993, lokacin da sistocin High Park a birnin Dublin suka sayar da wani ɓangare na filinsu ga masu gine-gine. Da aka zo kwashe kaburbura, aka fito da gawarwakin mata 155, fiye da adadin da aka nemi izini a kai, wasu ba su da ko takardar shaidar mutuwa. Gidan wanki na ƙarshe, wanda ke titin Sean McDermott a Dublin, an rufe shi a 1996. Sai a watan Fabrairun 2013 rahoton kwamitin bincike ƙarƙashin Martin McAleese ya tabbatar da cewa mata kusan 10,000 ne suka ratsa gidajen, kuma gwamnati na da hannu wajen tura sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Firaminista Enda Kenny ya miƙe a majalisa ya nemi gafararsu.

Ba a gama jimamin wannan ba sai ga na garin Tuam. Wata mata mai binciken tarihin garinsu, Catherine Corless, ta bi ofishin rajista tana biyan kuɗi daga aljihunta tana karɓar takardun mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ta tara na yara 796 da suka mutu a gidan uwa da jariri da sistocin Bon Secours suka gudanar daga 1925 zuwa 1961. Takardun mutuwa akwai, amma babu na binnewa. Labarin ya karaɗe duniya a 2014, kuma a 2017 masu bincike suka tabbatar da samun ƙasusuwan yara masu yawa a cikin wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke da alaƙa da tsohon ramin najasa. Hukumar binciken da aka kafa ta fitar da rahotonta a Janairun 2021: a gidaje 18 da ta duba, mata kusan 56,000 da yara kusan 57,000 ne suka zauna, kuma yara kusan 9,000 sun mutu a ciki. Da yawa daga waɗanda suka rayu an raba su da uwayensu an ba wasu riƙo, wasu har Amurka.

Ga kuma asibitocin masu taɓin hankali. A shekarun 1950 mutum sama da 20,000 ne ke kulle a cikinsu, a ƙasar da yawan jama'arta bai kai miliyan uku ba.

Clarke ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Fim ɗinta na farko, The Devil's Doorway na 2018, a cikin gidan wankin Magdalene ya gudana, inda wasu fada biyu suka je binciken wani gunki da aka ce yana zubar da hawayen jini a 1960, suka tarar da abin da ya fi haka tayar da hankali. Ta sha faɗa a hirarraki cewa ita kanta ta haihu tana da shekara 17, shekara ɗaya kacal bayan rufe gidan wanki na ƙarshe. Da an haife ta shekaru kaɗan kafin nan, ƙila da ita ma tana ciki.

Abin da rahoto ba ya iya ƙirgawa

An yi finafinai masu ƙarfi a kan waɗannan gidaje. The Magdalene Sisters na Peter Mullan ya lashe babbar lambar bikin Venice a 2002. Philomena na 2013 ya bi wata uwa da ta shafe shekara hamsin tana neman ɗan da aka raba ta da shi. Small Things Like These, wanda Cillian Murphy ya fito a ciki a 2024, ya kalli abin ta idon wani mai sayar da kwal da ya ga abin da garin gaba ɗaya ya zaɓi ya kau da kai daga gare shi. Dukansu suna kallon gidan ne da kansa, ko wadda aka kulle a ciki.

Fréwaka ya ɗauki wata hanya dabam, kuma nan ne darajarsa take. Shoo ba ta taɓa taka gidan wanki ba. An rufe su tun tana ƙarama ko kafin a haife ta. Amma uwar da ta raine ta ta kasance tana kulle ta a cikin ɗan ƙuntataccen wuri tana tilasta mata addu'a, ƙarƙashin hoton Yesu mai buɗaɗɗiyar zuciya da 'yar jar fitilarsa, hoton da kusan kowane gidan Katolika a Ayalan ya taɓa ratayewa a bango. Wannan jan haske yana bin Shoo har gidan Peig. Tana shan maganin da likita ya rubuta mata, tana gaya wa kanta cewa tsohuwar ruɗewa ce kawai ke damunta, amma da dare ya yi ita ma takan ji motsi daga ƙasan gidan. Kulle da aka yi wa wata mace shekaru da dama da suka wuce ya sauko cikin gida ya zama tarbiyya, tarbiyyar ta zama tsoro a jikin 'ya, ga kuma wani jaririn yana hanya. Hukumar bincike za ta iya ƙirga gadaje da kaburbura. Ba ta da shafin da za ta rubuta yarinyar da ba ta iya rufe ƙofar banɗaki ba tare da gabanta ya faɗi ba.

Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne matan nan biyu. Bríd Ní Neachtain, 'yar yankin Connemara wadda ta tashi da Gaeilge a bakinta, kuma masu kallo suka gani a matsayin mai kanti mai son gulma a The Banshees of Inisherin, ita ce Peig. Ba ta mayar da ita abar tausayi ba. Tsohuwa ce mai kaifin baki, mai zolaya, wadda ta san cewa kowa na ɗaukarta mahaukaciya kuma ta daina damuwa. Clare Monnelly kuwa ta yi Shoo da fuskar wadda ta saba haɗiye komai. Wuraren da suka fi taɓa zuciya ba na firgita ba ne: wanka ne, da ba da magani, da zama a kicin, inda sannu a hankali kowacce ta fara gane tabon da ke jikin 'yar'uwarta. Sautin da mawaƙiya Die Hexen ta shirya shi ke hana mai kallo sakin jiki ko a irin waɗannan wurare.

Fim ɗin bai kuɓuta daga aibi ba. Ya ɗebo kaya da yawa: mutanen ɓoye, coci, ƙauyawa masu kallon baƙo a kaikaice, bunsuru, bikin gargajiya, taɓin hankali. A kashi na ƙarshe wasu daga cikin zaren sun sarƙe, kuma inuwar The Wicker Man, fim ɗin Ingila na 1973 wanda ya zama uban irin waɗannan finafinai masu tsotso daga camfin karkara, ta yi kauri fiye da yadda labarin ke buƙata. Amma ƙin da Clarke ta yi na yanke hukunci, ko da gaske akwai wani abu a bayan jar ƙofar ko kuwa ciwo ne ke magana, ba rauni ba ne. Ga macen da aka ɗauke ta aka kulle, aka dawo da ita ba yadda take ba, kuma garin ya yi shiru, bambancin ba shi da yawa.

Me ya sa da Gaeilge?

Da Ingilishi aka yi shi, da ya fi saurin samun kasuwa. Gaeilge ya sha wuya: mulkin Ingila ya ture shi daga kotu da makaranta, sannan babbar yunwar 1845 zuwa 1852, wadda cutar dankalin Turawa ta haddasa, ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya ta kori wasu miliyan ɗaya ƙetare, mafi yawansu daga yankunan talakawa inda harshen ya fi ƙarfi. Iyaye da kansu suka riƙa hana 'ya'yansu shi, don sun ga Ingilishi ne guzurin mai tafiya Amurka. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 sun ce suna iya harshen, amma waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba.

Wannan tarihi yana aiki a cikin fim ɗin ba tare da an yi lacca a kansa ba. Harshen ne ya kai Shoo gidan Peig tun farko, kuma shi ne ya buɗe mata ƙofar da aka rufe wa kowa. Da shi aka san sunayen abubuwan da Peig ke tsoro da dokokin kare kai daga gare su. Shi ma gado ne da ya ratso ta hannun kakanni mata, tare da kunyar da aka liƙa masa.

Samuwar fim ɗin kuma ba sa'a ba ce. A 1996, shekarar da aka rufe gidan wanki na ƙarshe, aka buɗe tashar talabijin ta Gaeilge wadda yanzu ake kira TG4. A 2017 tashar ta haɗa kai da hukumar finafinai ta ƙasa da hukumar kula da kafofin watsa labarai suka kafa shirin Cine4 domin ɗaukar nauyin manyan finafinai da harshen. Daga nan Arracht ya fito a 2019, a kan zamanin yunwa. Daga nan An Cailín Ciúin na Colm Bairéad ya fito a 2022, labarin wata yarinya shiru-shiru da aka kai riƙo wurin dangi, wanda ya zama fim na farko da Gaeilge da ya shiga jerin ƙarshe na masu takarar Oscar. Fréwaka ɗan wannan gida ne, kamfanonin DoubleBand da Wildcard suka shirya shi. A 2024 ɗin dai aka fitar da Kneecap, a kan mawaƙan gambarar zamani na Belfast, da wani fim ɗin tsoron mai suna An Taibhse. Abin lura shi ne yawancin waɗannan finafinai, da zarar an ba harshen kyamara, sai ya nufi yunwa, da riƙo, da gidan da ake ɓoye wani abu.

Su kuwa mutanen da labarin Peig ya tsaya a madadinsu, da yawansu suna raye, kuma lissafinsu da gwamnati bai rufe ba. Sai a 2022 aka yi dokar da ta ba wanda aka ba da shi riƙo cikakken 'yancin ganin takardar haihuwarsa ta asali, ya san sunan uwar da ta haife shi. Shirin biyan diyya na gidajen uwa da jariri ya fara karɓar takardu a Maris na 2024, amma ya cire duk wanda zamansa a gidan yana jariri bai kai wata shida ba, wato mutum kusan 24,000, kamar raba jariri da uwarsa a wata na biyar bai kai a kira shi cuta ba. Ƙungiyoyin waɗanda abin ya shafa suna ci gaba da ƙalubalantar wannan sharaɗi. A Tuam kuma, a watan Yulin 2025 ne ma'aikata ƙarƙashin jagorancin Daniel MacSweeney suka fara haƙa filin gadan-gadan, aikin da aka ƙiyasta zai ɗauki shekara biyu, ana karɓar samfurin ƙwayoyin halitta daga tsofaffin da ke neman ƙannensu da yayyensu domin a gwada da ƙasusuwan da za a fito da su.